Horar da malaman jami'a kan koyarwa da kayan fasaha: yadda muke yi a Kaduna

A ƙasar nan digirin mutum a fanninsa ake dubawa a ɗauke shi koyarwa a jami'a, ba a tambayar ko an taɓa koya masa yadda ake koyarwa. Wanda ya karanta lissafin kuɗi ko ilimin ƙasa, da ya kama aiki sai a miƙa masa kwas da aji mai ɗalibai ɗari uku, ya shiga ya yi yadda ya ga malamansa suna yi. Mu da muke shirya wa malamai bita a nan Kaduna wannan giɓin muke ƙoƙarin cikewa. Abin da aikin ya nuna mana shi ne horo ba ya zama a jikin malami sai an yi shi a kan kwas ɗin da yake koyarwa, a cikin irin ajin da zai shiga ranar Litinin, da ƙurarsa da soket ɗinsa guda ɗaya.

Abu biyu suka ta da maganar da ƙarfi. Rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona ya bar sassa da dama ba su da inda za su sadu da ɗalibansu sai WhatsApp. Sai kuma a Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, ta fito da sabon tsarin manhajar karatu mai suna CCMAS, inda ta tsara kashi 70 cikin ɗari ta bar wa kowace jami'a kashi 30, kuma kowane kwas aka rubuta masa abin da ake so ɗalibi ya iya idan ya gama shi.

Ba ma yin bita a otal. Ɗakin taron otal yana da sanyi, wuta ba ta yankewa, majigi a manne yake a sama, ga ma'aikacin da ke kula da shi. Malami zai yi komai daidai a can, ya dawo sashensa ya kasa, don babu ko ɗaya cikin waɗannan a ajinsa. Muna ɗaukar aji na gaske, mutum goma sha biyu zuwa sha biyar, gara kuma 'yan tsangaya ɗaya, kowa da kwamfutarsa da takardar kwas ɗinsa. Lokacin da ya fi shi ne mako biyu ko uku kafin a buɗe zangon karatu. Idan aka sa lokacin makin jarrabawa, za a sa hannu a rajista a fice. Zama na awa uku da safe, a tashi kafin azahar, ya fi yini guda amfani, kuma ba ma sa Juma'a.

Zaman farko ba a kunna kwamfuta. Kowa zai zaɓi mako ɗaya daga kwas ɗinsa ya rubuta jimla biyu ko uku kan abin da ɗalibi zai iya yi a ƙarshen makon. Yawanci "ɗalibai su fahimci kaza" ake fara rubutawa, mu kuma sai mu tambaya, ta yaya za ka gane sun fahimta? Daga nan jimlar take komawa "su lissafa", "su bambanta", "su zana". Sai ya rubuta tambayar da za ta gwada hakan, sannan a zo kan abin da za a yi a aji. Wanda ya tsallake wannan, abin da zai yi da majigi bai wuce ya kwafe tsohon littafin darasinsa ya zuba a allo ba, rubutu cunkus, yana karantawa ɗalibai suna kwafa.

Kayan aiki kuwa muna sa kowa ya haɗa su da hannunsa, tun daga fito da majigi daga jaka har naɗe waya. Nan ne abin yake yawan tsayawa, kuma matsalolin ba su da yawa, su ne dai suke ta dawowa. Tsofaffin majigai ramin VGA suke da shi, mai fil goma sha biyar, sababbin kwamfutoci kuma HDMI ne ko USB-C, don haka kowane sashe yana buƙatar mahaɗi biyu ko uku a aljihun tebur. VGA ba ya ɗaukar sauti. Wanda zai nuna bidiyo ta nan sai ya haɗa lasifika daban. Idan an haɗa komai allo ya tsaya shuɗi, ko dai majigin yana jiran hoto daga wani ramin ne, sai a danna maɓallin zaɓar mashiga, ko kuma kwamfutar ce ba ta turo hoton ba. Za ka ga Farfesa yana ta girgiza waya, ma'aikacin fasaha ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, danna maɓallin Windows da P tare, ka zaɓi na biyun." Hoto ya fito, Farfesa ya ce, "Shi ke nan? To maimaita min in rubuta." Wanda ya danna da yatsansa sau biyu ba ya sake kiran kowa.

Ajin da hasken rana ke shiga yana son majigi mai ƙarfin haske lumen 3,500 zuwa sama, a kuma rufe tagogin da ke kusa da allo kawai, kada a rufe duka zafi ya kwantar da ɗalibai. Girman rubutu kada ya gaza 28, layi kada ya wuce shida a shafi, kuma muna sa malamin ya taka zuwa bencin ƙarshe ya karanta abin da ya rubuta.

Abin da ya fi kashe majigi a garin nan shi ne ɗauke wuta da ƙura. Majigi mai ƙwai, bayan an kashe shi fankarsa tana ci gaba da juyawa ta huce ƙwan. Idan wuta ta yanke kwatsam, ko wani ya zare fulogi yana sauri, zafin sai ya tsaya a ciki, ƙwan ya mutu tun kwanansa bai ƙare ba. Irin wannan majigin yana jan wajen wat 300, shi ya sa ƙaramar UPS (akwatin batir da ke riƙe na'ura idan wuta ta ɗauke) mai 650VA ba ta cika riƙe shi ba. Mai 1,000VA zuwa 1,500VA ita ce daidai, kuma aikinta ta ba ka 'yan mintunan kashe shi yadda ya kamata, ba ta ƙarasa maka lacca ba. A lokacin hunturu matatar iska tana toshewa cikin 'yan makonni. Alamarta majigi ya yi minti ashirin ya mutu da kansa, jar fitila tana ƙyaftawa. A ciro matatar a kakkaɓe duk mako biyu daga Disamba zuwa Fabrairu. Sashen da zai sayi sabo, muna ba shi shawarar mai hasken leza, wanda ake ƙiyasta masa awa 20,000 kuma ba shi da ƙwan canzawa. Kowane darasi kuma muna so a shirya masa hanyar yinsa da allo da alƙalamin rubutu a allo kawai, don ranar da babu wuta ba hutu ba ce.

A babban aji abin da ya fi yi mana aiki ko wuta ba ya buƙata. Hanya ce da Eric Mazur, malamin fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya fara a farkon shekarun 1990. Kowane ɗalibi zai ninka farar takarda gida huɗu ya rubuta A, B, C, D da manyan baƙaƙe. Bayan bayani na minti goma sha biyar, malami ya ba da tambaya mai zaɓi huɗu, wadda amsoshinta na kuskure su ne ainihin kurakuran da ɗalibai suka saba yi. A yi shiru minti ɗaya, sannan kowa ya ɗaga harafinsa a lokaci guda, a gaban ƙirji don na baya kada ya kwaikwaya. Idan waɗanda suka dace sun kai tsakanin kashi 30 da 70, sai a ce kowa ya nemi maƙwabcin da ya saɓa masa su yi gardama minti biyu, a sake ɗagawa. Sama da 70, gajeren bayani a wuce. Ƙasa da 30, gardama ba za ta yi amfani ba, bayanin ne bai shiga ba, sai a sake shi ta wata hanya. Malamai suna tsoron hayaniyar da ke tashi. A sanar da alamar tsayawa tun farko, kamar ɗaga hannu, aji yana dawowa cikin daƙiƙa kaɗan. Wahalar gaske tana wajen rubuta tambaya mai kyau, kuma a nan muke kashe rabin zaman.

Dandalin karatu na intanet da muke koyarwa shi ne Moodle, don kyauta ne kuma jami'a tana iya ajiye shi a sabarta, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafukanta na intanet. Ba ma bin dukan abin da ke ciki. Ɗora takarda, karɓar aikin gida da shirya gwaji sun isa zangon farko. Wajen shigar da ɗalibai da yawa lokaci guda, lambar rajista mai karkataccen layi a tsakani ba ta karɓuwa a matsayin sunan shiga, kuma sai da ƙananan baƙaƙe. A cire layin a kuma rage baƙaƙen tun a jadawalin, in ba haka ba rabin aji zai tsaya a waje. Tambayoyi kuma kada a shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Akwai tsarin da ake kira Aiken: a buɗe Notepad, a rubuta tambaya a layi ɗaya, zaɓuɓɓuka a ƙasa kowane da babban harafi da ɗigo da tazara, layin ƙarshe a rubuta ANSWER: da harafin amsar, a bar layi ɗaya fanko kafin tambaya ta gaba. Tambaya ɗari tana shiga cikin minti ɗaya. Malaman Hausa da na Larabci su kula su adana fayil ɗin a tsarin UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamar tambaya. Idan kuma ɗalibai suna kukan aikinsu ya ƙi hawa, sau da yawa sabar ce aka bari a kan iyakarta ta asali, megabait 2, sai mai kula da ita ya ɗaga.

Gwajin intanet kada a sa wa ɗalibai ɗari biyar su shiga ƙarfe goma daidai, sabar za ta durƙushe. A ba kowa minti 20, a bar ƙofar a buɗe awa shida, kwamfuta ta zaɓo wa kowa tambaya 15 daga rumbu mai 50 ko fiye, ta kuma cakuɗa zaɓuɓɓukan. A gaya musu agogon ba ya tsayawa don sabis ya ɗauke, kowa ya nemi inda sabis ke da ƙarfi kafin ya fara. Ni dai ban yarda a ɗora wa irin wannan gwajin maki mai yawa ba, tunda ba ka ganin wanda ke riƙe da wayar. Biyar ko goma daga cikin makin zangon ya isa, babbar jarrabawa ta zauna a zaure.

Ɗalibi da kuɗinsa yake sayen data, kuma yawanci a waya yake karatu. Bidiyon lacca na awa guda yana cin ɗaruruwan megabait, Zoom na kyauta kuma yana yankewa a minti 40. Muryar malami ta minti goma, idan an adana ta a kilobit 64 a daƙiƙa, ba ta kai megabait 5 ba. Saboda haka muke koyar da ɗaukar gajeren bayani da murya a haɗa da takardar PDF mai shafi biyu ko uku. WhatsApp na sanarwa ne kawai, a kulle shi malami da wakilin aji su kaɗai ke rubutu.

Zaman ƙarshe kowa zai koyar minti goma a gaban abokan aikinsa, a ɗauke shi bidiyo da wayarsa. Irin wannan gajeren darasin gwaji a Jami'ar Stanford ta Amurka aka fara shi a 1963. Gani ya kori ji: mutum bai san ya yi rabin lokacin yana fuskantar allo ba sai ya kalli kansa. Sai dai a nan akwai maganar girma. Ƙaramin malami ba zai ce wa wanda ya koyar da shi "Malam, ka yi sauri" ba, zai ce madalla ne kawai. Shi ya sa ba ma neman ra'ayi. Muna raba takarda a rubuta abin da aka gani: minti nawa ya yi yana magana ba tsayawa, tambaya nawa ya yi, daƙiƙa nawa ya jira kafin ya amsa wa kansa, ko na baya suna ji. Mai koyarwar shi ke fara magana, bidiyon kuma a wayarsa yake zama, ba ya zuwa ofishin kowa.

Takardar shaida ba ma ba da ita ranar rufe bita. Ƙarin girma a jami'a ya fi dogara da wallafe-wallafe, don haka wanda ya karɓi takardarsa ba abin da zai sa ya waiwayi abin da ya koya. Sai a mako na shida na zangon, idan malami ya nuna shafin kwas ɗinsa da gwaji ɗaya da ɗalibai suka yi, kuma wani abokin aikinsa ya zauna masa a aji sau ɗaya, sannan ake sa hannu. A kowane sashe muna barin mutum biyu da suka fi kama abin, da akwati mai mahaɗai, doguwar wayar wuta, batiran makirufo da littafin sa hannu, mabuɗin kuma a wurin sakataren sashe, don shugaban sashe yana iya tafiya taro da shi a aljihu.