Gidanmu na Alƙahira da Baƙin da Suka Sa Muka San Masar

Iyalin da suka zauna a Alƙahira ba sa daɗewa kafin gidansu ya zama masauki, domin akwai jirgin da yake tasowa daga Kano kai tsaye, kuma mutanenmu suna da dalilai da yawa na zuwa Masar. Wani ganin likita ne ya kawo shi, wani ya rako ɗansa karatu a Azhar, wani sarin kaya ya zo yi, wani kuma zango ya yada a hanyarsa ta zuwa Umara. Mu karatun maigida ne ya kawo mu, daga baya ya sami aiki muka ci gaba da zama a unguwar Madinatu Nasr, inda ɗalibai baƙi da 'yan ƙasashen Afirka suke da yawa. A farkon zuwanmu rayuwata ba ta wuce tsakanin gida da kasuwar unguwa da makarantar yara ba, kuma da an bar mu mu kaɗai, ina da yaƙinin cewa da za mu gama zamanmu ba mu san komai game da ƙasar ba sai hanyar ofishin sabunta takardar izinin zama da ke Abbasiyya. Baƙi ne suka fitar da mu, saboda duk wanda ya sauka yana da wurin da ya ƙudurta a ransa tun daga gida, kuma nauyin kai shi a kanmu yake.

Abu na farko da na koya shi ne in san dalilin zuwan baƙo tun kafin ya taso, domin shi ne yake tsara komai. Wanda ya zo neman magani ba a yi masa maganar yawon buɗe ido sai likita ya sallame shi. Aikinmu a kansa shi ne tafinta, da riƙe takardun gwaje-gwaje, da dafa abincin da cikinsa ya saba da shi, da kuma lura da kuɗinsa kada su zurare a kasuwa kafin a biya asibiti. Maganar kuɗi tana bukatar hattara a Masar, saboda darajar fam, kuɗin ƙasar, ta faɗi sosai fiye da sau ɗaya muna kallo: a watan Nuwamba na 2016 dala ɗaya ta tashi daga kusan fam 9 zuwa wajen fam 18 cikin 'yan makonni, sannan a watan Maris na 2024 ta tashi daga kimanin fam 31 zuwa kusan 50. Saboda haka ba na yarda in faɗa wa mai shirin tahowa adadin da zai ishe shi bisa abin da wani ya kashe bara. Ina tambayo farashin yau, in kuma ce masa ya riƙo ƙari.

Ta fuskar girki Masar ta yi mana sauƙi fiye da yadda na zata. Akwai zoɓo da tsamiya da goruba a shagunan masu kayan ƙamshi, akwai ɗanyar kuɓewa da lalo a kasuwa, kuma shinkafarsu gajeriya ce mai danƙo wadda take yin tuwo mai kyau ba tare da wahalar tuƙi ba. Daddawa da kuka da manja da yajin gida ne ba a samu, don haka duk baƙon da ya tambaye ni abin da zai taho mana da shi, su nake lissafa masa. Dattawa ba sa jure abincin Misirawa fiye da kwana biyu, amma matasa kan saba da koshari da ful da ta'amiyya nan da nan, kuma hakan yana rage mini aiki ranar da za mu wuni a waje.

Zuwan Baffan maigida, wanda malami ne mai karantarwa a zaure, shi ya buɗe mini Alƙahirar da ban sani ba. Ranar da ya huta gajiya ya kira maigida ya ce, "Kai, ni ba kallon duwatsu ya kawo ni ba, ka kai ni inda malamai suke kwance." Muka fara da masallacin Azhar, wanda aka aza harsashinsa a shekarar 970, ya yi nafila ya zauna a farfajiyar ya daɗe yana kallon ɗalibai masu fatu iri-iri suna bitar karatu. A nan maigida ya ba shi labarin cewa cikin ɓangarorin da aka keɓe wa ɗalibai baƙi a da akwai na mutanen Barno, kuma tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makaranta a wannan birni domin ɗalibansu da alhazansu. Daga nan muka nufi maƙabartar Ƙarafa, inda kabarin Imamu Shafi'i yake, wanda ya rasu a shekarar 820, a ƙarƙashin wata babbar ƙubba da aka gina a 1211. Sai dai wurin da ya fi taɓa Baffa shi ne kabarin Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, domin da tafsirin Jalalaini, wanda Suyuɗi ɗaya ne daga cikin mawallafansa biyu, yake karantarwa duk azumi, kuma ya san cewa malamin ya taɓa aika wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas. Ya tsaya ya yi masa addu'a mai tsawo, mu da yara muna bayansa. Tun daga ranar na fahimci cewa ga mutanenmu da yawa Masar ƙasar malamansu ce kafin ta zama ƙasar Fir'auna, kuma wanda ya kai dattijo dalar Giza kawai ya mayar da shi filin jirgi bai ba shi haƙƙinsa ba.

Yanzu ina da tsarin da nake bi da irin waɗannan baƙi. Muna fita da sassafe ranar Juma'a, saboda hutun mako a Masar Juma'a da Asabar ne, kuma kafin a sauko daga masallaci titunan da kullum suke cunkushe a buɗe suke. Mukan fara da masallacin Amru ɗan Asi a Fusɗaɗ, wanda asalinsa ya koma shekarar 642 kuma shi ne masallaci na farko a ƙasar, sannan masallacin Ibn Ɗulun da aka kammala a 879, wanda ni a wurina ya fi kowanne natsuwa, ga fili, ga ƙarancin hayaniya, ga hasumiya mai matakala ta waje wadda yara suke son hawa. Ganuwar Salahuddin, da aka fara ginawa a 1176, tana bukatar ƙafa mai ƙarfi, don haka ba na kai tsoho can rana ɗaya da wani wuri. Kasuwar Khan Khalili kuwa sai daren ƙarshe, lokacin da baƙo ya san abin da ya rage a aljihunsa kuma ya ɗan koyi ciniki, domin farashin da ake fara yanka wa baƙo ya yi nisa da na gaskiya.

Duk da haka babu baƙon da yake yarda ya koma bai ga dalar Giza ba, kuma ban taɓa gajiya da raka mutane can ba, saboda hoto ba ya nuna girmanta. Babbar, wadda aka gina wa sarki Khufu kimanin shekaru 4,500 da suka wuce, tsayinta na asali ya kai mita 146, an kuma ƙiyasta cewa duwatsu fiye da miliyan 2 aka jera a cikinta. Surukata da ta tsaya a gindinta ta dafa dutse ɗaya da ya kusa kai ƙirjinta, ta juyo ta ce mini, "'Yar nan, waɗanda suka ɗora wannan ma sun tafi sun bar shi." Abin da nake gaya wa kowa kafin mu shiga shi ne kada ya hau raƙumi ko doki sai an daidaita kuɗi da nisan tafiya, kada kuma ya karɓi abin da aka miƙo masa da sunan kyauta. Kuɗin shigar baƙo ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa, ɗalibi mai katin shaida yana biyan rabi, kuma a 'yan shekarun nan manyan wuraren tarihi sun koma karɓar kuɗi ta katin banki, don haka nake riƙe nawa a shirye. Shiga cikin dalar kuma ba na mai ciwon gwiwa ko mai asma ba ne, domin hanyar ƙunci gare ta, a sunkuye ake hawa, ga zafi.

Tambayar da ba ta taɓa wuce ni ba ita ce ta gawar Fir'auna. A watan Afrilu na 2021 aka kwashe gawarwakin sarakuna 22, maza 18 da mata 4, daga tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir zuwa sabon gidan adana tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ, kuma can muke kai baƙi yanzu. Ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, haskensa kaɗan, ba a ɗaukar hoto. Ina bayyana wa kowa tun a mota cewa babu wata gawa da aka rubuta wa cewa ita ce ta Fir'aunan Annabi Musa, kuma masana sun saɓa, wasu suna nuna Ramsis na Biyu, wasu ɗansa Marnaftah, dukansu kuwa suna cikin ɗakin. Na fi son mutum ya koma gida da wannan gaskiyar a kan ya je yana faɗa wa jama'a abin da ba a tabbatar ba.

Hidimar baƙi tana iya cinye hutun iyali gaba ɗaya idan ba a yi mata iyaka ba, shi ya sa muka keɓe hutun tsakiyar shekara na makarantu, wanda yake faɗowa ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, ya zama namu da yara kaɗai. A lokacin ne ya dace a je kudu, domin da bazara zafin Aswan yana haura digiri 40. Mun hau jirgin ƙasa na dare, tafiyar kusan kilomita 900 a gefen kogin Nilu, gari ya waye mana muna tsakiyar gonakin rake da itatuwan dabino. A Aswan muka ga babbar madatsar ruwa da aka kammala a 1970, muka shiga kwalekwale mai tafiya da iska zuwa ƙauyukan Nubawa, inda gidajen ƙasa da zaman tsakar gida da yadda ake tarbar baƙo da shayi suka sa yara suka ce kamar gidan Kaka. Nubawan sun ba mu labarin yadda ruwan madatsar ya cinye garuruwan kakanninsu aka tashe su, kuma saboda ruwan nan ne aka yayyanka haikalin Abu Simbel aka ɗaga shi zuwa tudu tsakanin 1964 da 1968. Wannan tafiya ta koya wa yara tarihin ƙasar fiye da abin da suka haddace don jarrabawa. Iskandariya kuwa, mai nisan kilomita 220 ko kusa da haka, ta kwana biyu ce: ganuwar Ƙaitbai ta 1477 a bakin Bahar Rum, babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2002, da gasasshen kifi.

Dogon hutu shi ne yake kawo muhawara a gidanmu kowace shekara, domin kuɗin tikitin iyali zuwa gida tare da tsaraba ya isa a zaga Masar gaba ɗaya har a yi saura. Ra'ayina a kan wannan bai taɓa sauyawa ba: idan hali ya ba da ɗaya kawai, gida za a je. Yaranmu da Larabcin Misirawa suke wasa, da shi suke faɗa da juna, kuma na lura cewa Hausarsu tana komawa ta karɓar umarni kawai, suna ji amma ba sa mayarwa. Shekarar da ba mu je ba, zaman surukata na 'yan watanni ne ya gyara lamarin, domin ba ta jin Larabci, dole suka nemo kalmomin da za su yi mata magana, ta koya musu durƙusawa wajen gaisuwa, ta yi musu tatsuniya da dare. Tun daga nan nake ganin cewa kawo kakar yara ta zauna da su yana daga cikin kuɗin da ya fi amfani da iyali a ƙetare za su kashe.

Azumi a Alƙahira yana da daɗi, ga fitilun fanus a kowane lungu, ga teburan buɗe-baki da masu hali suke shimfiɗawa a titi domin duk mai wucewa. Ranar Salla ce take da nauyi a zuciya. Ana idi da sanyin safiya jim kaɗan bayan fitowar rana, maƙwabta su aiko da kahk, wani cincin mai garin sukari, daga nan kowa ya shige gidan danginsa, babu hawa, babu yara masu yawon barka da Salla. Maganin da muka samo shi ne gayyato ɗalibanmu na Najeriya da Nijar da Ghana da suke zaune a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar baƙi, in yi waina da tuwo da miyar taushe, a cika falo har baranda. Da yawansu sun shekara ba su ci abincin gida ba, kuma su ne suke zama mana 'yan rakiya da tafinta idan baƙi suka yi mana yawa a lokaci ɗaya.

Game da ƙa'idar sauka kuwa, yanzu ba na jin nauyin tambayar mai tahowa ranar zuwansa da ranar komawarsa, da ko bizarsa za ta kai, da ko akwai maganin da yake sha kullum. Idan zamansa zai wuce wata guda, ko kuma maza ne da yawa, mukan kama masa ɗaki mai kaya a kusa da mu, abinci ya riƙa zuwa daga gidanmu, saboda gidajen haya a nan ƙanana ne, kuma mai gadin bene yana sanar da mamallakin gidan duk wanda ya shiga ya daɗe. A makonnin jarrabawar yara ba ma karɓar kowa sai mara lafiya. 'Yan'uwa sun fahimci wannan tsari tun da aka yi musu bayani a fili, har wasu sukan kira su tambayi watan da ya dace kafin su yanki tikiti, ni kuma nakan ce su zo tsakanin Nuwamba da farkon Maris, kafin iskar khamasin mai ƙura ta taso, su kuma ware wuni guda cur domin babban gidan tarihin da aka buɗe kusa da dala a watan Nuwamba na 2025.