Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar da Na Fara Riƙe Nikon F

A makon jiya na tsaya ne a inda maigidana ya yarda in fito daga ɗakin wankin hoto, in fara ɗauka da kaina. To ranar da ya buɗe akwatinsa ya ɗora min kyamarar Nikon F a tafin hannu, nauyinta ne ya fara ba ni tsoro. Ƙarfe ce zalla, baƙin fentin gefenta ya goge saboda yawan riƙo.

"Yaro, wannan ta girme ka, ka riƙe ta da mutunci," in ji shi.

Kamfanin Nippon Kogaku na Japan ne ya fito da ita a 1959, lokacin da kyamarar Leica ta Jamus ke jan zarenta a hannun ƙwararru. Abin da ya ja 'yan jarida gare ta shi ne ta cikin gilashin ɗaukar kake leƙawa, abin da idonka ya gani shi zai hau kan fim, ba ragi ba ƙari. Ba ta neman batir. Ga taurin rai: maigida ya sha ba ni labarin Don McCullin, ɗan Ingila mai hoton yaƙi, wanda harsashi ya nufo shi a Kambodiya a 1970, Nikon F ɗinsa ta tare masa. Har gobe ban ga kyamarar da ta kama ƙafarta ba.

Amma tana da halinta. Bayanta ba ya buɗewa kamar ƙofa, sai ka murɗa makullin da ke ƙasa ka zare shi ɗungurungum. A aikina na farko, ɗoki ya hana ni naɗe fim ɗin ya koma cikin gwangwaninsa. Ina zare bayan, hasken rana ya faɗa kansa. Hotuna 36, wunin aiki guda, sun ƙone a idona. Jikina ya yi sanyi.

Da na kai masa, ya ɗaga fim ɗin ya daɗe yana kallo. Na ce, "Maigida, a yi haƙuri." Bai ce uffan ba. Ya ɗauko tsohon fim da ya lalace, ya kashe fitila, ya sa ni ina sakawa, ina naɗewa, ina cirewa a cikin duhu, har yatsuna suka haddace.

Washegari ya sake miƙo min ita da sabon fim. Inda ya aike ni kuwa, sai mako mai zuwa.