Abin da ke kashe batir tun kafin lokacinsa

Duk ɗan Jos ya san safiyar Disamba, a murɗa makulli mota ta yi ƙugi sau biyu ta yi shiru sai an kira yaran layi su tura. Sanyi na rage wa batir kuzari, gaskiya ne, amma a ganina batirin da sanyin Jos ya kayar dama can ya fara mutuwa.

Cikin baƙin akwatin nan ɗaki shida ne, kowanne na ba da bolt 2.1, shi ya sa cikakken batir ke nuna 12.6 a mita. A kowane ɗaki akwai farantan dalma iri biyu, ɗaya dalma zalla ɗaya kuma dalmar da ta haɗu da oksijin, duka a jiƙe cikin ruwan batir wato asid ɗin salfa da aka sirka da ruwa. Wani Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859 kuma har yau tsarin bai canza sosai ba. In kana jan wuta asid ɗin na barin ruwan yana komawa jikin farantan ya zama wani farin gishiri, in ka sa caji gishirin ya narke asid ya dawo. Toh matsalar anan take, in batir ya kwana biyu ba caji gishirin nan sai ya daskare ya yi tauri, caja ba ta iya narkar da shi kuma, shi ne za ka ga batirin inbata da ke kai ka asuba yanzu ko labaran ƙarfe tara ba ya gamawa. Masu sola a kula, in mita ta sauko wajen 12.1 an ci rabi kenan, a kashe firij haka nan.

Sai maganar ƙarin ruwa. Caji na fasa ruwa ya fita a matsayin iskar haidurojin da oksijin, asid ɗin yana nan bai je ko'ina ba, don haka tataccen ruwa da ake kira distilled water ake ƙarawa. Wasu 'yan rewaya asid suke ɗurawa, batir ya yi ƙarfin sati ɗaya farantan su cinye. Ruwan rijiya ko fiya wata ma bai yi ba. Iskar nan kuma tana kamawa da wuta fa, kar a kunna ashana ana leƙen ramin.

In ya mutu a kai wa masu sayen tsohon batir yadda yake, kar a fasa shi a tsakar gida, dalmar cikinsa guba ce, irin gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan masu haƙar zinare a Zamfara a 2010.