Wida, Garin da Mesa Ke da Ɗaki Daura da Coci

Sarin atamfa ne ya kai ni Kwatano ta Jamhuriyar Benin a farkon watan Janairu, ba kallon tsafi ba. Hanyar Kano zuwa Legas ba abin faɗa a cikinta sai ciwon baya. Daga Legas zuwa bakin iyaka kuwa shinge ne bayan shinge. A ɗaya daga ciki wani mai kaki, wanda ko sallama bai amsa ba, ya karɓi fasfona ya jujjuya, ya nemi katin rigakafin shawara na miƙa masa, da ya rasa abin kamawa sai ya ce hoton ba nawa ba ne, wai mai hoton ba shi da gemu. Ya jefa fasfon cikin aljihu ya juya baya yana danna waya. Direba ya matso ya raɗa mini abin da kowa ya sani, na ba da abin da na bayar, nan take gemun ya daina zama laifi.

Masaukina a Zongo yake, gidan wani dattijo Bahaushe mai sana'ar goro da dabbobi, wanda ya fi shekara talatin a garin. Ina gama cin abinci ya ce, "Malam, ka zo a makon da ba a ciniki. Hutun masu Vodun ne, addinin gargajiyar mutanen nan, har ofisoshin gwamnati rufewa suke." Na zaci wasa yake. Ashe hutu ne na ƙasa, yadda ake ba mu na Sallah ake ba Kiristoci na Kirsimeti. Ranar 10 ga Janairu aka fara ware masa a zamanin shugaba Nicéphore Soglo, wanda ya yi mulki daga 1991 zuwa 1996. Kafin shi, gwamnatin soja ta Mathieu Kérékou, da ta ɗauki aƙidar gurguzu, ta sa bokaye da masu tsafi a gaba a shekarun 1970, da sunan yaƙi da maita. Ga shi yau gwamnati ce da kanta ke buga talla. A 2024 gwamnatin Patrice Talon ta faɗaɗa abin ya zama bikin kwanaki a garin Wida, da mawaƙa da dandamali da baƙi daga ƙasashen waje.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Alhajin nan ba ya kuka da makon. Shi lokacin kasuwarsa ke ci. Awaki, fararen kaji, farin goro, duk ba sa kwana. Na ce, "Alhaji, kai ba ka jin komai a ranka?" Ya ɓantari goro ya ce, "Ni akuya na sayar. Ban tambayi mahauci ba, balle in tambayi wannan." Ban gamsu da amsar ba, amma a gidansa nake, kuma naman da ke kwanona daga cinikin ya fito, sai na ja bakina na yi shiru.

Shi ya haɗa ni da yaron shagonsa, wani matashi ɗan ƙabilar Fon haifaffen Wida, mai jin Hausar kasuwa, ya ce ya kai ni in ga duniya. Tafiyar kilomita 40 ce ko kusa da haka. Masu babur na Kwatano, waɗanda ake ce wa zemijan, masu rigar ɗorawa, sun fi 'yan acaɓanmu na da natsuwa, amma da sun ji bakinka ba Faransanci kuɗin ya ninka. A nan Hausawan wurin jaka suke cewa, wato sefa 1,000, kuma duk jakar da ta fita sai na lissafa ta da naira zuciyata ta sosu.

Ɗakin mesa muka fara zuwa. Yana tsakiyar gari, kuma ƙofarsa na kallon ƙofar babbar cocin Katolika, fili ɗaya ya raba su. An karɓi kuɗin shiga, aka ce hoto kuɗinsa daban, wanda ya ma fi na shigar. A tsakar gidan akwai tsohuwar bishiya an ɗaura mata farin ƙyalle da manja ya rine, gindinta duk gashin kaji. Sai wani ɗan ɗaki mai zagaye da ake sauka cikinsa da matakala, ga mesa nan birjik, wasu a nannaɗe a kan juna, wasu sun miƙe a jikin bango. Ƙanana ne, ba irin mesar dajinmu da ke haɗiye ɗan akuya ba, kuma ba su da dafi. Mai kula da ɗakin ya sunkuya ya ɗauko ɗaya ya nufo wuyana. Na ja da baya har na taka ƙafar wani Bature. A fuskar mai kula da ɗakin akwai tsaga biyu-biyu, a goshi da kumatu da gefen ido, goma ke nan, alamar mutanen Dangbe, abin bautar da mesar ke wakilta. Ya ce ana sakinsu su shiga gari su nemi ɓeraye, wanda ya tsinci ɗaya a ɗakinsa ya ɗauko ta da ladabi ya maido, in kuwa ta mutu binne ta ake kamar mutum.

Ina tsaye nan Daura ta faɗo mini. Mu ma ai da maciji labarinmu ya fara, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a. Bambancin kawai, mu wanda ya sare kan macijin muke yabo, su kuwa suka gina wa nasu ɗaki suna karɓar kuɗin ƙofa.

A titi kuwa ba masaka tsinke. Na ga Zangbeto, wani tulin zaren kaba mai launi, dogo ya fi mutum, yana juyawa yana tayar da ƙura. Masu gadin dare ne a al'adarsu, su ke korar ɓarayi tun kafin a san ɗan sanda, aikin 'yan sintirinmu ke nan sai dai da tsoron aljanu a ciki. Ana cikin rawa sai masu rakiya suka kama shi suka kifar, don jama'a su ga ba kowa a ƙarƙashi. Na leƙa iya leƙawata, ban ga mutum ba, sai wani ɗan gunki a ƙasa. Suka mayar, ya tashi ya ci gaba da juyi. Yaron Alhaji ya dube ni yana jiran in yi magana. Na ce dabo ne. Ya ce, "To, Malam," da irin muryar da ake ce wa baƙo to. Su kuma Egungun, dodannin da aka gada daga Yarabawa, kakanni ne da suka dawo ziyara, cikin tufafi masu ƙyalli da babu inda fata ta fito. Yara masu sanda na gaba suna korar mutane, don an yarda taɓa rigar dodon mugun abu ne. Da ɗaya ya zaburo sai ka ga manya da kyamarorinsu sun watse, har da masu cewa ba su yarda da komai ba.

Amma in an tambaye ni, duk wannan na 'yan kallo ne. Addinin kansa a gidan mahaifiyar yaron nan na gan shi, a wani lungu da ba Bature ko ɗaya. A bakin ƙofa akwai wani curin ƙasa da aka yi wa ido da wuri, kansa ya yi jawur da manja. Legba ke nan, mai tsaron ƙofa, wanda ta hannunsa saƙo ke isa ga sauran. Don su ma sun ce Mahalicci ɗaya ne, Mawu, amma ya yi nisa, sai an bi ta kan na ƙasa da shi: Sakpata mai ƙasa da cutar agana, Hebioso mai aradu, Gu na ƙarfe da maƙera, Mami Wata ta ruwa. Da yaron ke jero su da aikin kowanne da kalar tufafinsa da abin da yake ci, sai na ji kamar sarkin bori ne ke jero Sarkin Rafi da Ɗan Galadima da Inna da Kure. Hawan ma iri ɗaya ne: a yi ta kiɗa har mai hawa ya faɗi, ya tashi da wata murya. Wanda za a shigar kuma a killace shi a koya masa, abin da 'yan borinmu ke kira girka.

Mama, haka na kira ta, tsohuwa ce mai farin zane da tsakiya a wuya. Da ta ji Musulmi ne ni sai ta hana a ba ni naman da ke tukunya, ta ce na yankan tsafi ne, ba zai halatta gare ni ba. Ita ta faɗa, ban tambaya ba. Ta aika aka sayo kifi ta soya, ta haɗo da agidi da yaji mai sa hawaye. Kwalbar sodabi, giyar da suke dafawa daga bammi suna zuba wa abin bautarsu, ta sa aka ɗauke daga inda nake zaune. Da azahar ta yi ta kawo ruwa a buta da tabarma mai tsabta, ta nuna mini gabas da hannu. Butar ta surukinta ce, don 'yarta ɗaya Musulmi take aure a Paraku. Babban ɗanta Katolika ne, wani kuma yana cocin Selestiyal, masu fararen riguna da tafiya ba takalmi, wadda aka kafa a Porto-Novo a 1947. Duk sun zo hutun, duk kuma sun durƙusa sun gaishe ta. Na yi ƙoƙarin ba ta kuɗi ta ture hannuna har da harara. A garin da aka caje ni kuɗin ɗaukar hoton bishiya!

Ƙidayar 2013 ta ce masu Vodun kashi 11.6 ne cikin ɗari na mutanen Benin, Musulmi kashi 27.7, Kiristoci sun kusa rabi. Wanda ya zauna a tsakar gidan Mama ya san takarda ba ta iya ƙirga wannan. Ɗan Katolikan nan da bakinsa ya ce ba ya fara gini ko doguwar tafiya sai an duba masa Fa.

Mai duban, bokono suke ce masa, maƙwabcinsu ne, a rumfa yake aikinsa kowa na wucewa. Wata mata da kayan ma'aikatan ofis da makullin mota a hannu tana zaune gabansa. Ya ɗauki wata sarƙa mai ɓawon 'ya'yan itace takwas ya wurga a tabarma, ya duba waɗanda suka kife da waɗanda suka buɗe, ya zana layuka a faranti mai gari. Manyan alamomin 16 ne, in an auro su da juna su ba da 256, kowace da labaranta da haninta da sadakar da za a fitar, duk a ka. Wanda ya taɓa ganin malamin duba yana bugun ƙasa a zaure zai gane gidaje goma sha shidan nan. Da ta gama ta tura masa kuɗinsa ta waya. Ya yi mini tayi, na ce a'a, don mun san hukuncin wanda ya je wa boka da tambaya: sallarsa ta kwana arba'in. Bai ji haushi ba. Ya yi dariya ya ce ta bakin yaron, 'yan Najeriya masu manyan riguna suna zuwa masa, amma da dare.

Wannan maganar ta tsaya mini, don gaskiya ce. Ni ban yarda da abin da suke bauta wa ba, kuma ba zan yi kwana-kwana a kai ba. Amma mu da muka rushe Tsumburbura tun ƙarnoni, muke kiran Bamaguje arne, muka kore garaya zuwa bayan gari, wa bai san layin motocin da ke ƙofar boka ba in zaɓe ya matso? Wa bai san matar da ke zuwa a kama mata miji ko a kori kishiya ba? Mama aƙalla abin da take yi a bakin ƙofarta yake. Har akwai wani reshe da suke kira Tron, wanda suka ce daga arewa ya gangaro ta Gana, da goro ake masa hidima, mabiyansa na sa fararen kaya suna cire takalmi. Yaron ya ce su ne manyan masu sayen goron Alhaji.

Abin da ban so ba shi ne yadda kuɗi ya shiga bikin. A bakin teku an kafa dandamali da fitilu da manyan lasifikoki, dodanni na fitowa bisa jadawali, ruwan roba ya ninka kuɗi, ɗakin kwana kuwa kada ma a tambaya. Mama ba ta je ba, ta ce nata ta gama tun asuba. A nan ne kuma Ƙofar Ba Dawowa take, wadda aka gina a 1995 a ƙarshen hanyar kilomita huɗu da ake bi da bayi zuwa jirgi. Na ga baƙaƙen fata daga Burazil da Haiti da Amurka cikin fararen kaya suna kuka a gabanta. Ta wannan gaɓar addinin ya tsallaka teku, jikokinsa ne suka dawo nema. Cikin waɗanda aka bi da su ta hanyar akwai Hausawa, wasunsu ma sun shiga tawayen bayi Musulmi na Bahiya, a Burazil, a 1835. A wurin na yi musu addu'a.

Dajin Kpasse, inda aka ce sarki ya rikiɗa ya zama bishiyar loko, mun leƙa shi a gurguje, gumakan siminti ne da masu neman na goro. Abomey, garin tsofaffin sarakunan Dahomey, ban samu zuwa ba. Porto-Novo na wuce ta a mota, na hango babban masallacinta mai fasalin coci.

Kafin in taso na shiga kasuwar Dantokpa ta Kwatano, na ɓata hanya na faɗa layin masu kayan tsafi: busassun kawunan birai, hawainiya, mujiya, fatar kura, da warin da ya bi ni har masauki. Na tsaya ina toshe hanci, sai mai wata rumfa ya dubi hulata ya yi mini magana da Hausa tsantsa. "Sannu da zuwa, Alhaji. Wane malamin ne ya aiko ka, me ya rubuta maka?"