Ku fara tambayar mai motar kafin ku ɗaga kyamara

Ƙannena masu sha'awar ɗaukar hoton motoci, bari in ba ku labarin ɓarnar da na yi a Jamus ranar da na fara ganin Mercedes 300 SL ido da ido, wadda ƙofofinta ke buɗewa sama kamar fukafukan tsuntsu. A wani taron tsofaffin motoci ne, ina ganinta jikina ya hau rawa na kama dannawa ba ƙaƙƙautawa, duk a tsaye, duk ƙofofin nan kawai nake ɗauka, ga filasha a kunne ga farar shadda a jikina, da na koma masauki na duba sai ga ni ɓaro-ɓaro a jikin fentin a kusan kowane hoto, wallahi har yau abin na min ciwo.

Washegari na koma da baƙar riga, dattijon da ke kula da ita ya ga na daɗe ina zagaye sai ya nuna min dokin ƙofar, ya ce in duba tsayinsa da faɗinsa. Ashe ƙofar ba don gayu aka yi ta haka ba. Ƙashin motar siraran bututun ƙarfe ne da aka haɗa da walda, dabarar injiniya Rudolf Uhlenhaut tun daga motar tseren da ta ci gasar Le Mans ta ƙasar Faransa a 1952, bututun sun taso har gefe sun cinye wurin ƙofa irin wadda muka sani, dole aka maida hinjin kan rufi, shi ya sa ma sitiyarin ke lanƙwasowa ƙasa don direba ya samu ya zura ƙafafunsa. Da ya ɗaga bonet sai na ga injin mai silinda 6 an kwantar da shi gefe don gaban motar ya yi ƙasa, kuma babu kafireto, famfon kamfanin Bosch ne ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, a 1954 fa! Guda 1,400 kacal aka ƙera masu irin wannan ƙofar zuwa 1957, ni kuma ranar farko na tsaya gaban ɗaya ban ɗauki ko ɗaya cikin abubuwan nan ba.

To ku karanta tarihin mota tukuna, ku gaida mai ita ku tambaye shi, kar ku taɓa ko ku jingina sai da izini. Ku kashe filasha, ku durƙusa daidai fitila, ku ja baya ku yi zumin don in kun matso da waya hancin motar kumbura yake. Hasken safe ko bayan la'asar ya fi.

Hoton da na fi ji da shi yanzu na dokin ƙofar nan ne da sitiyarin a lanƙwashe, fatar wurin duk ta goge saboda shiga da fita.