Yadda na yi fama da makullin HDMI don in ajiye hirar Baba

Mahaifina marini ne a Ƙofar Mata, karofin da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa. Ya haura shekara arba'in hannunsa bai rabu da shuni ba. Wata rana ma'aikatan wata tashar talabijin suka zo suka yi hira da shi, suka ɗauke shi yana tsoma yadi a rami yana tsamowa, suka ce za a saka shirin ranar Alhamis da daddare, a maimaita ranar Lahadi. Da na je gaishe shi ya ce, “Kai da kullum kana kan kwamfuta, ka ajiye mini abin nan jikokina su gani.” Na ce, “An gama, Baba.” Da na san abin da ke gabana da ban yi saurin cika baki ba.

Washegari na shiga kasuwar Beirut na sayi 'yar na'urar kama hoto, wadda 'yan kasuwa ke ce wa kafca. Ta baya ake soka wayar HDMI, wadda ke kai hoto da murya daga dikoda, gabanta kuma ya shiga ramin USB na laftof. A kwalinta an rubuta 4K da manyan baƙaƙe, amma yawancin masu arahar nan karɓar 4K kawai suke yi, abin da suke miƙa wa kwamfuta bai wuce layi 1080 ba, hoto 30 a daƙiƙa. Na sauke OBS Studio, manhajar ɗaukar bidiyo da ake bayarwa kyauta, na gwada da laftof ɗin abokina, hoto ya fito tas. Ban gwada da ita kanta dikodar ba. Nan na fara yin kuskure.

Daren Alhamis falo ya cika, har maƙwabta sun shigo. Na zare waya daga talabijin na soka a kafca, sai allon kwamfuta ya yi baƙi ƙirin, ba hoto ba murya. Na canza waya, na kashe na kunna, gumi na keto mini. Da na ji yara sun fara ƙunƙuni na mayar da wayar inda take, na ɗaga wayar hannuna na ɗauki allon talabijin. Abin da na samu shi ne fuskar Baba tana rawa, da ƙarar fanka, da kan wani yaro da ya tsaya a gabana.

A daren na zauna na karanta har na gane ba na'urar ce ta lalace ba. A tsarin HDMI akwai wani makulli mai suna HDCP, wanda kamfanin Intel ya ƙirƙira. Kafin dikoda ta saki hoto sai ta yi wa abin da ke ɗaya bakin wayar tambayar mai gadi: kai wane ne? Talabijin mai lasisi yana da mabuɗansa, a tsohon tsarin guda 40 ne, sai su gaisa, dikoda ta turo hoton a dagule shi kuma ya warware. Kafca ba ta da amsar da za ta bayar, don haka aka rufe mata ƙofa. A watan Satumba na 2010 babban mabuɗin tsarin ya fita a intanet, Intel ma ya tabbatar na gaske ne, amma hakan bai kashe makullin ba. Akwai ma sabon zubi, HDCP 2.2, da ke tsaron hotunan 4K.

Bayan sallar Juma'a na koma kasuwa. Yaron shagon ya yi dariya ya ce, “Alhaji, ai makulli ne. Ga sifilita, mai raba hoto gida biyu. Wata tana cire shi wata ba ta cirewa, sa'a ce kawai.” Na saya, ban yi sa'a ba, kwamfuta ta ci gaba da duhunta. Daga baya na gode Allah da ban ci gaba da zuba kuɗi ba, don dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta hana ƙetare irin wannan kariya. Ba na ganin laifin masu makullin gaba ɗaya. Duk ɗan Kano ya san yadda 'yan Kannywood suka ɗanɗana kuɗarsu a hannun masu satar fasaha. Abin da ke ci mini rai shi ne makullin bai san bambancin ɓarawo da ɗan da ke son ajiye hoton ubansa ba.

Sai na koma wa tsohuwar hanya, wayar nan mai kai uku, ruwan ɗorawa da fari da ja. Ita ba ta da wannan makulli na HDCP, domin ba da lambobi take tafiya ba. Na ari na'urar da ke karɓarta, hoto ya fito, amma layi 576 kacal. Ga labarai ko wa'azi da ya wadatar. Ga rini kuwa bai yi ba, domin gwanintar marini tana cikin bambancin shuɗi da shuɗi: akwai mai haske, akwai wanda aka tsoma sau da yawa har ya doshi baƙi yana sheƙi bayan ya sha bugu. A wannan waya duk sai su cakuɗe su zama dishi-dishi. Akwai wata wayar mai kai kore da shuɗi da ja da ke ɗaukar har 1080 ba makulli, sai dai dikodata ba ta da raminta. A wannan gwajin ne kuma aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗina ya daɗe da mutuwa, fayil ɗin MP4 da nake ɗauka ya ƙi buɗuwa. Tun daga ranar a fayil ɗin MKV nake ɗauka, shi ko an yanke shi a tsakiya abin da ya shiga yana nan.

Ranar Asabar na kai kukana wurin maƙwabcina mai haɗa dish. Ya ce, “Malam, wace tasha ce?” Na faɗa masa. Ya riƙe baki ya ce, “Ai wannan kyauta take a sama, kai ne kake kallonta ta dikodar biyan kuɗi.” Ashe kwana uku ina kokawa da ƙofa alhali katangar ma babu. Dikodar tashoshin kyauta da ke ɗakinsa tana da ramin USB. A soka filashi, a danna jan maɓalli, sai ta zuba abin da tauraron ɗan adam ya turo yadda yake, ba ragi, a fayil ɗin TS da manhajar kallon bidiyo ta VLC ke buɗewa. Ya ja mini kunne a kan girma: hoto mai kyau na awa guda yana iya cin gigabait uku zuwa huɗu, filashin da ke kan tsarin FAT32 kuma ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabait 4. A daren muka yi gwajin awa ɗaya cur, muka ɗora dikodar a kan batirin sola.

Ranar Lahadi shirin ya shiga lafiya lau. Na kwafe shi wuri uku kafin in kwanta.

Da na kai wa Baba laftof ya sa tabarau ya yi shiru yana kallo. Aka zo inda ya tsamo yadi daga rami yana kore-kore, iska na bugunsa yana rikiɗa zuwa shuɗi. Ya ce in mayar baya. Na mayar har sau biyu, ina jiran ya yaba mini. Ya matso da fuskarsa kusa da allon, ya girgiza kai ya ce, “Wannan ramin bai gama nuna ba. Na ce musu su dawo bayan kwana biyu, suka ƙi.”