Giyar Otomatik Mai Wasan Ɓuya: Abin Dubawa Kafin A Sauke Giyabos

Babu abin da ke cin kuɗin mai mota 'yar Kwatano kamar giyar da ke lalacewa ta gyaru da kanta. Da safe lafiya lau, da rana a hanyar Bauchi zuwa Gombe, wajen Alkaleri, ta fara fizga ko ta maƙale a giya ɗaya, kana shiga gareji ta koma garau. Nan take sai ka ji an ce giyabos ya tafi, a sayo na Beljiyam. Sau da yawa ba haka ba ne. Kulocin da ya ƙone ba ya warkewa. Lalurar da ke zuwa ta tafi, yawanci daga man giya take, ko zafi, ko wayar lantarki.

Fara da lura da lokacin da take yi. Injin na sanyi ne ko ya ɗau zafi? A gudun nawa? A hawa ne, ko bayan ruwan sama, ko bayan an wanke injin? Wannan bayanin ya fi wa bakanike amfani fiye da awa biyu yana zagaye da motar.

Sai man giya, kuma a nan ake yawan kuskure. A Toyota mai sandar awo, irin tsofaffin Camry da Corolla, ana aunawa ne injin na aiki, ya yi zafi, giya a P, mota a shimfiɗaɗɗen wuri. A Honda Accord kuwa sai an kashe injin, a auna cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wanda ya haɗa su ya auna iri ɗaya zai samu awon ƙarya. Mai idan ya yi ƙasa, famfo na zuƙar iska a kwana ko a hawa, giya ta sulluɓe na ɗan lokaci. Idan ya yi yawa sai ya yi kumfa, sakamakon ɗaya ne. Ɗiga shi a farar takarda: ja ko ruwan ƙasa mai haske lafiya ne, baƙi mai ƙauri ya ƙone. Idan ya koma kamar shayi mai madara, ruwan rediyeta ne ya shiga ta bututun sanyaya mai, kada motar ta ƙara motsi sai an gyara.

Irin man ma magana ce. Toyota na son T-IV ko WS gwargwadon abin da aka rubuta a sandar, Honda na son DW-1, wanda ya maye gurbin Z1. Zuba Dexron III a ko'ina don ya fi araha shi ke kawo fizga da karkarwa. In za a canza, a tsiyaye ta ƙasa a mayar da daidai abin da ya fita, wajen lita 3 a yawancin waɗannan motoci. Ban yarda da wanke tsohon giyabos da injin matsi ba, yana tayar da dattin da ya kwanta ya toshe sulonoid, wato ƙananan makunnan lantarki da ke buɗe wa mai hanya a cikin giyabos.

Idan fitilar D tana ƙyaftawa a Honda, ko O/D OFF a Toyota, kwamfutar motar ta ajiye lamba. Don Allah kada a cire kan batir don fitilar ta mutu, shaidar ce ake gogewa. A sa na'urar dubawa tukuna. P0715 da P0720 sensar gudu ce, P0705 makunnin da ke gaya wa kwamfuta inda sandar giya take, P0741 na nuna kulocin toka kwambata, wato abin da ke haɗa injin da giyabos, P0750 zuwa P0770 kuma sulonoid. Lambar tana nuna layin da matsalar take ne, ba lallai kayan ne ya mutu ba. A zare soket a duba tsatsa, mai ko ruwa, a girgiza wayar injin na aiki. Batir ya nuna kusan bolt 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 a kunne, a kuma ɗaure wayar at, wato wadda ta haɗa batir da jikin mota, da kyau.

Akwai wata al'ada a garejinmu ta cire tamostat, abin da ke tsare ruwan injin har sai ya yi zafi, wai saboda zafin Afrilu. Da hunturu injin ba ya kai zafinsa, kuma Toyota da yawa ba sa sakin giyar ƙarshe sai ruwan injin ya ɗumama. Mai mota ya yi ta zargin giya, alhali tamostat ne babu.

Karkarwa tsakanin kilomita 60 zuwa 80 a awa tana da gwaji mai sauƙi. A hanyar da ba cunkoso, riƙe totur yadda yake, ka ɗan taɓa birki da ƙafar hagu iya yadda fitilar baya za ta kama. Idan karkarwar ta ɗauke nan take, toka kwambata ce ko mai. Idan ta ci gaba, koma kan injin, ka duba fulogi da koyil.

Inda za a yarda ciki ne ya lalace shi ne a kwance farantin ƙasa a ga ɓarɓashin ƙarfe masu ƙyalli, ba laushin toka da ke manne a maganaɗisu ba, ga mai yana ƙauri, injin na ihu mota ba ta ja, ko da zafi ko da sanyi. A nan ne za a fara maganar sauke giyabos, kuma wanda za a sayo a tabbatar lambar jikinsa ta yi daidai da ta tsohon.